Kujerar bizines a doguwar tafiyar jirgi: me ake saya da wannan kuɗin?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar isha'i, musu ya kaure a majalisarmu ta kusa da masallacin Bida Road a nan Anacha. Labari ne ya zo cewa wani ɗan'uwanmu mai shigo da kaya daga Chaina ya tashi zuwa Guangzhou a kujerar bizines. Nan take wani ya ce almubazzaranci ne tsagwaronsa. "Ai jirgi ɗaya ne, na gaba da na baya lokaci ɗaya za su sauka." Wani kuma ya ce mutum ya sha wahala ya nemi kuɗinsa, a bar shi ya more su. Sai wani dattijo ya juyo wajena ya ce, "Kai da kake yawan hawa, gaya mana gaskiya, me ke bayan labulen nan da suke ja?"

Na ba shi amsa a gurguje, amma da na koma gida sai na ga maganar ta fi ƙarfin hirar minti biyar. Mutanenmu na Anacha da Inugu da Fatakwal yanzu suna tafiya mai nisa fiye da da. Akwai masu zuwa saro kaya Guangzhou da Yiwu da Dubai, akwai masu Umara, akwai masu kai iyaye asibiti Masar ko Indiya. Kuɗin da ake magana a kai kuwa jarin wani ne sukutum. Ni sana'ata shigo da kayan sola. Na yi shekaru ina bin wannan hanya, yawanci a ikonomi, wato kujerun gama-gari, sau kaɗan a bizines. Na taɓa biya na ji daɗi, na kuma taɓa biya na yi da-na-sani. Abin da na fahimta shi ne, abu ɗaya ne a kujerar bizines da ya kai a biya masa wannan kuɗi, shi ne barci a kwance. Kuma ba kowane tikitin da aka rubuta wa bizines ne yake ba da shi ba.

Mu fara da motar safa

Duk wanda ya taɓa hawa motar safa ta dare daga Anacha zuwa Kano ya riga ya san rabin darasin. Akwai mai cikakkiyar kujera, akwai wanda aka ɗora a ɗan bencin tsakiya da ake kira atachimen. Duka a Sabon Gari za su sauka, amma ɗaya zai iya wucewa Kantin Kwari ya fara ciniki, ɗayan kuwa sai ya nemi inda zai miƙe bayansa tukuna. To haka abin yake a sama, sai dai a jirgi komai a aune yake.

A yawancin manyan jiragen da ke dogon zango, tazarar da ke tsakanin kujerarka ta ikonomi da ta gabanka inci 31 zuwa 32 ce, wato wajen santimita 80, kuma a cikin wannan tazarar har da kaurin kujerar kanta. Faɗin wurin zama inci 17 zuwa 18 ne. Bayan kujerar kuma ɗan kaɗan yake kwantawa. Idan kai dogo ne, gwiwarka za ta kwana tana gaisawa da bayan na gaba. Idan kana da jiki, kai da maƙwabcinka za ku yi ta rabon wurin ɗora hannu har gari ya waye.

Kujerar bizines ta zamani kuwa, idan ka danna maɓalli, miƙewa take yi ta zama gado mai tsawon kusan mita 2, a ba ka matashi da bargo. Sauran abubuwan da ake yawan ba da labari, irin su abinci a faranti, da babban allon kallo, da shiga jirgi kafin kowa, duk ƙari ne. Suna da daɗi, amma babu wanda zai biya miliyoyin naira don a ba shi nama a tangaran.

Tsawon hanyar

Wanda bai taɓa zuwa ba zai ga kamar ana zuzuta abin, don haka bari mu lissafa. Tun watan Agustan 2013 kamfanin Ethiopian Airlines na ƙasar Habasha ya fara sauka a filin jirgin Akanu Ibiam da ke Emene a Inugu, kuma da yawa daga cikinmu ta nan muke fita. Ka baro Anacha da sassafe, ka sha hanyar Inugu wadda kowa ya san halinta. Daga Inugu zuwa Adis Ababa kusan awa 5 ne a sama. Ka yi jiran wasu awanni, sannan cikin dare ka kama na Guangzhou, wanda shi kuma awa 10 ne ko fiye. Daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar otel, kwana ɗaya cur ya tafi. Ga shi agogon Chaina yana gaban namu da awa 7. Lokacin da kasuwanninsu ke buɗewa da ƙarfe 9 na safe, jikinka yana ganin ƙarfe 2 na dare ne.

Mutanen Fatakwal da ke tashi daga Omagwa su ma haka ne. Qatar Airways ya fara zuwa Fatakwal da Kano a watan Maris na 2022, kuma wanda ya bi ta Doha zango biyu ne masu tsawo a gabansa kafin ya isa Chaina.

A irin wannan tafiya ce maganar kujera take da ma'ana. Amma daga Fatakwal zuwa Abuja, ko Inugu zuwa Legas, awa ɗaya ce kacal. Kafin ka gama gyara zama an ce a ɗaura bel za a sauka. Wanda ya biya bizines a nan faɗin wuri ya saya da girma, babu maganar barci.

Suna ɗaya, kujera iri-iri

Nan ne mutane suke faɗawa rami. Kalmar bizines sunan aji ne kawai, babu wata doka da ta ce ga yadda kujerar za ta kasance. Kusan iri uku ake samu.

Na farko, kujera mai faɗi irin ta falo, tana kwantawa baya sosai, tana da wurin ɗora ƙafa, amma ba ta zama gado. Ita aka fi samu a ƙananan jirage masu hanya ɗaya a tsakiya, irin su Boeing 737. A gajerun tafiye-tafiye na cikin Turai ma abin ya fi haka ban dariya, domin kujerar ikonomi ce sak, sai dai a bar ta tsakiya babu kowa.

Na biyu, kujera mai miƙewa amma a gangare, kai a sama ƙafa a ƙasa. A hoto za ka rantse gado ne.

Na uku, wadda take miƙewa sambal, digiri 180, kamar katifar ɗakinka. Wannan ita ce ta gaske. Kamfanin Qantas na Ostareliya yana cikin waɗanda suka fara ware ajin bizines tun 1979, amma sai a shekarar 2000 British Airways ya fara sa kujerar da ke zama cikakken gado a wannan aji. A 2017 Qatar Airways ya fito da wadda yake kira Qsuite, mai ƙofa da mutum zai ja ya rufe kansa. Sai dai ko a wannan kamfani ba kowane jirginsa ne yake da ita ba.

Bayan irin kujerar, sai tsarin jerinta. Idan aka ce 2-2-2, ma'ana biyu a hagu, biyu a tsakiya, biyu a dama, na jikin taga sai ya tsallake ƙafafun maƙwabcinsa kafin ya fita. Wasu tsofaffin jiragen Boeing 777 ma 2-3-2 ne, wato ka biya kuɗin bizines a dasa ka tsakanin mutum biyu. Idan kuwa aka ce 1-2-1, kowa yana da hanyarsa ta fita ba tare da ya taɓa kowa ba. Ga mace mai tafiya ita kaɗai, ko dattijo mai yawan zagayawa, wannan bambanci babba ne. Ethiopian Airlines, wanda yake kiran ajin bizines ɗinsa Cloud Nine, ya karɓi jirginsa na farko samfurin Airbus A350-1000 a watan Nuwamban 2024 da tsarin 1-2-1, alhali da yawa daga jiragensa na baya 2-2-2 ne. Ka ga kamfani ɗaya, suna ɗaya, amma kwana daban.

Ranar da na yi cinikin biri a sama

Wata shekara na tashi daga Legas da wani kamfani da ba zan kira sunansa ba. Bayana yana ciwo a lokacin, sai na daure na ce wa ejan ya yanko mini bizines. Ban tambayi komai ba, na ɗauka bizines bizines ce. Da dare ya raba na danna maɓalli, kujera ta miƙe, na ce alhamdulillahi. Ashe mai gangare ce. Da barci ya fara ɗaukata sai in ji ina zamewa ƙasa, kaftanina yana tattarewa zuwa ƙirji. In tashi in gyara, in sake zamewa. Ga maƙwabcina na jikin taga, bawan Allah sau uku yana tsallake ni zai shiga bayi, kowane tsallake sai na farka. Na isa a gajiye kamar wanda ya kwana a atachimen, aljihu kuma ya yi sauƙi. Babu wanda ya cuce ni, abin da suka ce za su ba ni shi suka ba ni. Ni ne ban tambaya ba.

Tafiyar da ta biyo baya na yi bincike kafin in biya, na samu mai miƙewa sambal. Na yi barcin awa 6 babu farkawa, na sauka na yi wanka, washegari da safe ina masana'anta ina duba batura ɗaya bayan ɗaya da idona a buɗe. Wanda ya san yadda ake cusa wa mai gyangyaɗi kayan da ba su ya zaɓa ba, ya san darajar wannan.

Jirgin kansa ma yana da nasa

Akwai wani jin daɗin da ba ya bin aji, na gaba da na baya duk suna samu. Iskar cikin jirgi matsa ta ake yi, kuma a tsofaffin jirage yanayin ciki yakan yi daidai da na wanda ke kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000. A sababbi irin su Boeing 787 da Airbus A350 an sauko da shi zuwa wajen ƙafa 6,000, kuma iskar ba ta kai ta da bushewa ba. Shi ya sa ciwon kai da bushewar maƙogwaro suke raguwa. Don haka ko ikonomi za ka hau, sanin samfurin jirgin yana da amfani.

Haka kuma gado ba ya hana jirgi girgiza. A watan Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa mummunar girgizar iska, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni. Ko a kwance kake, ɗaura bel ɗinka a saman bargo.

Maganar lafiya, wadda ta fi komai

Kawuna, wanda shi ya koya mini kasuwa, ya haura shekara 60 kuma yana da jiki. A wata dawowa daga Chaina aka ba shi kujerar taga a ikonomi. Irin kunyar nan tamu ta hana shi tayar da mutum biyun da ke barci kusa da shi, har ruwa ya ƙi sha don kada fitsari ya matsa masa. Awa 10 bai motsa ba. Kwana uku da isowarsa Anacha sai ƙwaurinsa na hagu ya kumbura, ya yi zafi. Ya ce gajiya ce, a shafa masa man zafi. Na ce, "Kawu, don Allah mu je asibiti." Ya ce, "Kai yaro, ƙafa ce fa kawai." Da ƙyar ya yarda. Da aka yi hoto sai likita ya ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, kuma da gudan ya ɓalle ya tafi huhu, da labarin ya canza. Watanni ya yi yana shan maganin tsinka jini.

Ga yadda abin yake. Jinin ƙafa yana komawa zuciya ne da taimakon naman ƙwauri, duk lokacin da ka taka sai ya matse jijiya ya tura jinin sama. Idan ka zauna awanni gwiwa a lanƙwashe, jinin sai ya kwanta. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton bincike cewa haɗarin daskarewar jini yana ninkawa kusan biyu bayan zaman awa 4 ko fiye babu motsi, ko da yake a jimlace bai wuce kamar mutum 1 cikin 6,000 ba. Kuma rahoton bai tsaya kan jirgi kaɗai ba, ya haɗa da mota da bas da jirgin ƙasa. Direbobinmu na tirela da masu bin safar dare su ma su ji wannan.

Shin bizines tana maganin haka? Tana taimakawa, tunda ƙafa a miƙe take kuma fita ba wuya. Amma a 2012 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ce ba ta ga hujjar cewa ajin ikonomi shi kansa ne ke jawo cutar ba. Rashin motsi ne, kuma zaman jikin taga yana ƙara haɗarin saboda yana hana mutum tashi. Wanda ya haɗiyi maganin barci ya sandare awa 10 a bizines bai tsira ba. Waɗanda ya kamata su fi kula su ne masu shekaru, masu ƙiba, masu juna biyu da masu jego, matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, mai ciwon daji, da wanda jininsa ya taɓa daskarewa. Irin waɗannan su ga likita kafin tafiya, ya faɗa musu ko suna buƙatar safar nan mai matse ƙafa. Kowa kuma ya riƙa tashi yana ɗan takawa duk bayan awa ɗaya ko biyu, ya riƙa motsa ƙafa a zaune, ya sha ruwa. Wanda ya sauka ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, ko ƙirji na ciwo, ya nufi asibiti a ranar.

To, kuɗin fa?

Tikitin bizines yakan ninka na ikonomi sau uku, sau huɗu, wani lokaci fiye. Dalilin a fili yake: wurin da gado ɗaya ya cinye zai ɗauki kujerun ikonomi uku ko huɗu. A jirgin Boeing 787-8 na Ethiopian, misali, kujerun bizines 24 ne, na ikonomi 246. Mu a Najeriya kuma akwai ƙarin nauyi. Da dala ake lissafin tikitin waje, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda farashi ya tashi. Kafin nan ma, lokacin da kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a ƙasar nan suka haura dala miliyan 800, da yawansu sun rufe tikitocinsu masu araha. Emirates ma dakatar da zuwa ya yi a 2022, bai dawo ba sai 1 ga Oktoban 2024. Gasa ce kaɗai take sauko da farashi, kamar yadda aka gani bayan Air Peace ya fara zuwa Landan daga Legas ranar 30 ga Maris, 2024.

Ni ga yadda nake lissafi. A ce bambancin da ke tsakanin ikonomi da bizines dala 2,000 ne, misali kawai nake bayarwa. Wanda zai je da jarin dala 15,000, ya cinye fiye da kashi 13 cikin ɗari na jarinsa tun bai ga kaya ba. Wace riba ce za ta mayar da wannan? Wanda kuwa zai loda kwantenoni na dala 200,000, kashi 1 ne cikin ɗari, kuma kuskure ɗaya da zai yi cikin magagin barci zai iya fin haka. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wasu sukan ce ai kayan da ake bari ka ɗauka a bizines sun fi yawa. Gaskiya ne, amma a yi lissafi. A hanyoyinmu akasari ikonomi jaka 2 ce mai kilo 23 kowacce, bizines jaka 2 mai kilo 32. Wato 46 da 64, bambancin kilo 18. Tambayi masu kago nawa ne kilo 18 daga Guangzhou zuwa Legas, za ka ga wannan hujja ba ta tsaya ba.

A ganina waɗanda kuɗin ya fi yi wa amfani su ne dattijo ko marar lafiya da zaman awa 10 zai wahalar da shi, musamman mai dawowa daga tiyata idan likita ya yarda ya hau jirgi, sai mai babbar harka da zai sauka ya shiga ciniki kai tsaye, kamar masu zuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara, wajen Afrilu da Oktoba. Idan 'ya'ya za su haɗa kuɗi su kai mahaifiyarsu asibiti, nan ne wurin kashewa. Amma matashi mai ƙarfi da jarinsa bai gama tsayawa ba, ya hau don ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, wannan ya ci jarinsa ne kawai.

Abin da za ka tambayi ejan kafin ka biya

Na ɗaya, wane samfurin jirgi ne a kowane zango? Idan zango biyu ne, a gaya maka na kowanne.

Na biyu, kujerar tana miƙewa sambal ko a gangare? Kada ka yarda da "ai bizines ce, Alhaji." Ya nuna maka taswirar kujerun a waya, ka ƙirga da idonka ko 1-2-1 ne ko 2-2-2.

Na uku, duka zangunan ne bizines? Akwai tikiti mai gauraye, gajeren zango a bizines, dogon na dare a ikonomi. A jikin tikiti haruffa irin su J da C da D galibi na bizines ne, Y kuwa na ikonomi.

Na huɗu, wane kamfani ne zai ɗauke ka a zahiri? Wani lokaci ka sayi tikitin wannan, jirgin abokin hulɗarsa ne zai zo, kujerarsa kuma daban.

Na biyar, karɓi lambar rajistar tafiyarka mai haruffa da lambobi 6, ka shiga shafin kamfanin da kanka ka tabbatar. Ka sake dubawa kwana biyu kafin tafiya, domin kamfani yana iya canza jirgi.

Na shida, abinci. Idan ba kamfanin da duk abincinsa na halal ba ne, a nema maka abincin Musulmi tun kwana biyu kafin tashi. Ka kuma sani cewa a bizines da zarar ka zauna akan zagayo da tire, lemo da giya a jere. Tambayi abin da ke cikin kofi kafin ka ɗauka.

Mu na yankin nan akwai ƙarin abu ɗaya: ranar tashi. Tun da aka fara zaman gida na Litinin a watan Agustan 2021 muka koyi duba kalanda kafin mu yanki tikiti. Wanda jirgi ya tafi ya bari a hanyar Inugu, babu ruwan kowa da ajin da ya saya.

Idan aljihu bai kai ba

Yawancinmu nan muke, kuma akwai dabaru. Zaɓi kujerar bakin hanya tun ranar da ka sayi tikiti, don ka tashi duk lokacin da ka so ba tare da jin nauyin kowa ba. Idan kai dogo ne, biya ɗan ƙari a ba ka layin ƙofar gaggawa mai wurin miƙe ƙafa, amma ka sani ba a ba marar lafiya ko mai ɗauke da yaro, kuma dole ka iya jin umarnin ma'aikata. Wasu kamfanoni suna da aji na tsakiya mai tazarar kusan inci 38, kuɗinsa bai kai na bizines ba. Wasu kuma sukan aiko da saƙo kwanaki kaɗan kafin tashi cewa ka taya kujerar bizines da ta rage, ko su sayar da ita da rangwame a wurin auna kaya. Idan za ka yi haka, ɗaga dogon zangon dare kaɗai, ka bar na rana. Mai yawan tafiya ya yi rajistar tara maki, kamar ShebaMiles na Ethiopian, kyauta ne, kuma makin yakan kai a ɗaga maka kujera wata rana.

Dabarar da ta fi duka araha kuwa ita ce ka isa da kwana ɗaya kafin ranar cinikinka. Kuɗin otel na dare ɗaya bai kai ko kusa da bambancin tikiti ba, kuma gadon otel ya fi kowace kujerar jirgi faɗi. Ni yanzu haka nake yi a yawancin tafiyata.

Jiya na sake haɗuwa da dattijon nan a majalisa, na karanta masa abin da na rubuta. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai katifa ce ake haya a sama." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "To wanda zai kama hayar katifa ai sai ya taɓa ta tukuna." Kawu kuwa, tun daga wancan karon bakin hanya yake zama, kuma duk awa biyu sai ya tashi, ko wa zai kalle shi.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya sa albarka a nema.